Yadda Ake Kula da Jikin Murhun Itace na Ƙarfen Zubi Don Kada Tsatsa Ta Ci Shi

Murhun ƙarfen zubi, irin mai ƙofa da bututun hayaƙi wanda ake ɗumama ɗaki da shi, yana iya shafe gomman shekaru yana aiki bai gaji ba. Abin da ke saurin tsufa a jikinsa shi ne shafen da ke bayan ƙarfen. Na daɗe ina gyara irin waɗannan murahu, kuma kusan duk wanda na samu ya lalace, ɗayan abu biyu ne ya kashe masa fata: ko laima, ko wutar da ta wuce kima.

Ga ɗan abin da ya kamata ka sani game da ƙarfen. Narka shi ake yi a zuba a cikin mazubin yashi, shi ya sa idan ka shafa jikinsa za ka ji kaushi-kaushi. A waɗannan ƙananan ramuka danshi yake samun wurin zama. Sannan akwai sinadarin kabon a cikinsa, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, wanda ke sa shi tauri amma ya hana shi lanƙwasa. Idan ya ji duka mai ƙarfi, ko aka watsa masa ruwan sanyi yana da zafi, tsagewa yake yi.

Kayan aiki

- Burushin waya na hannu, da wani burushi mai laushi na share ƙura
- Soson waya iri biyu: mai ɗan kaushi, da mai laushi sosai wanda aka rubuta 0000 a jikin ledarsa
- Samfefa mai lamba 120 da mai lamba 220
- Tsummokara na auduga masu tsabta, har da fari guda ɗaya
- Asiton ko sifirit na goge maiƙo
- Fentin murhu mai jure zafin digiri 650 a ma'aunin Salshiyas, ko kuma man goge murhu mai garafait
- Salatif ɗin takarda da tsofaffin jaridu
- Bokitin ƙarfe mai murfi da ƙaramin shebur
- Takunkumi, tabarau na kariya da safar hannu
- Ma'aunin zafi mai maganaɗisu, wanda ake mannawa a saman murhu
- Simintin murhu na toshe mahaɗai, da igiyar ƙofa, wato igiya mai jure wuta da ke kewaye da bakin ƙofa don hana iska shiga, idan an ga buƙatarsu

Fenti ko man gogewa, ɗaya za ka saya, ba duka biyu ba. Kada ka saya kuma sai ka karanta mataki na 2.

1. Bar shi ya huce, ka kwashe toka

Ka ba murhun aƙalla kwana ɗaya cur bayan wutar ƙarshe. Sanyin waje kada ya ruɗe ka, garwashi yana iya kwana biyu ko fiye a ƙarƙashin toka da ransa. Saboda haka a bokitin ƙarfe za ka zuba tokar, ka rufe, ka fitar da shi waje nesa da duk abin da ke cin wuta. Ban da leda, ban da kwali, ban da bokitin roba.

Shimfiɗa jaridu kewaye da murhun, ka share jikinsa da burushi mai laushi tun daga sama har ƙafafu. Ka bi cikin zane-zanen ado da ƙasan leɓen saman murhun, don nan ƙura ke taruwa ta riƙe danshi. A wannan matakin ba a sa ruwa ko ɗigo.

2. Gano irin shafen da ke jikinsa

Nan ne mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe, ni ma nan na taɓa faɗuwa. Shafen murhu iri uku ne, kuma ba sa jituwa da juna.

Na farko fenti ne mai jure zafi, yawanci baƙi marar ƙyalli. Mafi yawan murahun zamani shi ne a jikinsu. Na biyu man gogewa ne, haɗin garafait, wato abin nan da ake yin bakin fensir da shi, da baƙin launi da kaki irin na kyandir. A tsofaffin murahu aka fi samun sa, yana ba da baƙi mai ɗan sheƙi kamar na azurfa. Na uku inamel ne, shafen gilashi da aka gasa a jikin ƙarfen tun daga masana'anta, mai santsi da ƙyalli, sau da yawa mai launi.

Inamel ba ya ɓuya, da ido za ka gane shi. Tsakanin sauran biyun kuwa, ɗauki farin tsumma busasshe ka goga da ƙarfi a gefen murhun. Idan tsumman ya yi baƙi ƙirin mai sheƙi irin na fensir, har ya shafi yatsunka, man gogewa ne. Idan ƙura ce kawai ta fito, fenti ne.

Wani tsohon murhu na taɓa samu, na kankare tsatsarsa tsaf, na fesa masa fenti har sau uku, ya fito kamar sabo. Wuta ta biyu da na hura, sai ga fentin ya yi bororo a saman, yana ɗagowa falle-falle kamar ɓawon albasa. Da na duba bayan ɓawon sai na ga baƙin garafait manne da shi. Ashe shekara da shekaru man gogewa ake shafa wa murhun, kakin ya shige ramukan ƙarfen, fentin bai taɓa kama ƙarfe ba sam. Kwana biyu na yi ina kankare abin da na fesa da hannuna. Tun daga ranar ban ƙara taɓa murhu ba sai na yi gwajin farin tsumma.

Ƙa'idar ke nan: wanda aka saba yi wa man gogewa, a ci gaba da yi masa. Mai fenti a bi shi da fenti. Idan lallai kana son komawa fenti daga man gogewa, sai ka cire man gaba ɗaya, ko ka kai a yi wa murhun feshin yashi har ƙarfen ya fito tsirara.

3. Cire tsatsa

Sa takunkumi da tabarau kafin ka fara. Idan murhun tsoho ne sosai kuma ba ka san tarihinsa ba, ka ƙara taka-tsantsan, domin tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, tsohuwar igiyar ƙofa da siminti kuma suna iya ƙunsar asbestos, wani abu mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu. Irin wannan ba a kankare shi a bushe cikin ɗaki, gwara a nemi ƙwararre ya duba.

Tsatsa hawa-hawa ce. Akwai mai ruwan goro wadda ta kwanta a sama kamar hoda. Wannan soson waya mai laushi ya ishe ta, ka riƙa gogawa a zagaye ba tare da dannawa sosai ba. Akwai mai ɓawo, wadda ta kumbura ta ɗaga fenti. Ita sai burushin waya, sannan samfefa 120, ka gama da 220. Akwai kuma wadda ta ci ƙarfen ta bar masa zanzana. Ramukan ba za su cike ba, kada ka wahalar da kanka. Abin da ake so shi ne cikin kowane rami ya zama ruwan toka, babu ja ko kaɗan. Tsatsar da ka bari a ƙasan rami za ta ci gaba da aiki a ƙarƙashin sabon fenti, bayan wata biyu ta ɓullo a daidai wurin.

Idan wuri ɗaya kawai za ka gyara, kada ka bar gaɓa tsakanin tsohon fenti da ƙarfen da ka kankare. Bi bakin wurin da samfefa 220 har sai ka shafa da yatsa ba ka ji tudu ba. In ba haka ba, gyaran zai fito kamar faci.

Wanda ba shi da burushin waya zai iya jiƙa tsumma da ruwan khal da aka haɗa da ruwa rabi da rabi, ya ɗora a kan tsatsar kamar rabin awa, sannan ya goge da soson waya. Amma khal tsami ne, idan aka bar shi shi ma cin ƙarfe yake. Dole a bi wurin da ruwan bekin soda, a share, a busar nan take. Ƙarfen zubi da aka kankare yana iya yin jan tsatsa cikin 'yan mintuna idan aka bar shi a jiƙe. Ni dai na fi son aikin bushewa duk inda zai yiwu.

Akwai burushin waya da ake ɗaurawa a bakin injin huda, yana rage wahala a babban murhu. Kada dai ka tsaya wuri ɗaya da shi, yana goge ƙarfe ya yi santsi har fenti ya rasa abin kamawa. Soson waya kuma yana kama wuta cikin sauƙi, kada ka ajiye shi kusa da garwashi ko batir.

4. Duba tsaga, mahaɗai da igiyar ƙofa

Tunda jikin ya fito fili, haska tocila ka bi mahaɗan farantan ƙarfen da aka harhaɗa murhun da su. Inda siminti ya zube, kankare ragowar, ka ɗan jiƙa wurin kamar yadda aka rubuta a jikin robar simintin, ka cusa sabo, ka share wanda ya fito waje tun bai bushe ba. Don gwada igiyar ƙofa, rufe ƙofar a kan takarda ka ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, igiyar ta mutu, a canja ta. Wannan ya shafi fenti kai tsaye: ƙofar da ke shan iska tana sa wuta ta yi ta ruruwa ba linzami, zafin kuma ya ƙone shafen. Idan ka ga tsaga a jikin ƙarfen kansa, dakatar da aikin. Fenti ba ya ɗinke tsaga, kuma hayaƙi mai guba yana iya bi ta nan ya shigo ɗaki.

5. Goge maiƙo

Buɗe tagogi, ka tabbata babu wuta ko tartsatsi a kusa. Zuba asiton ko sifirit a tsumma, ka goge duk inda za ka shafa. Ka riƙa juya tsumman, kana canja wani, har sai na ƙarshe ya fito fes. Kada ka yi amfani da kananzir ko fetur, kananzir yana barin maiƙo, fetur kuwa haɗari ne tsantsa. Daga nan kada ka ƙara taɓa ƙarfen da hannu ba safa, domin maiƙon yatsa ma yana hana fenti kamawa.

6. Shafa sabon rufi

*Idan fenti ne.* Rufe gilashi, hannun ƙofa, igiya da duk wani ƙarfe mai ƙyalli da salatif da jarida. Ka rufe bango da daɓe ma, ƙurar feshi tana tafiya nesa fiye da yadda ake zato. Ka zaɓi rana marar laima, zafin ɗakin ya kasance tsakanin digiri 15 zuwa 30. Girgiza gwangwanin minti biyu cikakku bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon da ke ciki, ka gwada a kan kwali tukuna.

Riƙe gwangwanin tazarar santimita 25 zuwa 30 daga jikin murhun. Fara feshin daga wajen gefe, ka wuce da hannu a miƙe, ka saki bayan ka fita ɗaya gefen. Shafin farko ya zama siriri har kana hango ƙarfen ta cikinsa. Zuciya za ta ce maka bai isa ba, kada ka biye mata. Jira minti 10 zuwa 15, ka yi na biyu, in da buƙata ka yi na uku. Fenti mai kauri shi ne ke yin hawaye, kuma shi ne ke ɓamɓarewa idan ƙarfe ya buɗe da zafi ya tsuke da sanyi. A wannan aikin yawan fenti ba ƙarin kariya ba ne.

Idan babu na feshi, akwai na gwangwani da ake shafawa da burushi. Shafi ɗaya ko biyu sirara, kada ka riƙa komawa kan inda ya fara bushewa. Amma fentin gida, ko na mota, ko na ƙofar ƙarfe, kada ya kusanci murhu ko da baƙi ne. Zai ƙone, ya cika ɗaki da hayaƙi mai cutarwa. Idan ba ka samu mai jure zafi ba, gwara ka bar ƙarfen a bushe har ka samu. Ba a kuma sa fentin share fage irin na sauran ƙarafa a ƙarƙashi.

*Idan man gogewa ne.* Ɗebo kaɗan a tsumma, ka murza shi cikin ƙarfen a zagaye, ka bi lunguna da tsohon burushin haƙori. Bar shi ya bushe ya dusashe, sannan ka goge da busasshen tsumma ko burushi mai laushi har sheƙin ya fito. Yawan gogewa ke kawo ƙyalli, ba yawan mai ba. A gaskiya babu abin da ya kai shi fito da kyan zanen tsohon murhu. Sai dai bai kai fenti tare laima ba, ɗigon ruwa yana bar masa tabo, yana shafar tufafi, kuma kusan kowace shekara sai an sabunta.

Wasu suna shafa man girki a bayan murhu. Ban goyi bayan haka ba. Zafin murhu ya wuce abin da man zai jure, sai ya yi ta hayaƙi, inda bai ƙone ba kuma ya yi danƙo ya kama ƙura.

7. Gasa fentin

Fentin murhu yana bushewa a iska, amma ba ya yin ƙwari sai ya ji wuta. Bar shi ya kwana, ka cire salatif da jaridu, ka buɗe tagogi duka. A fitar da yara, da mai ciwon asma, da tsuntsayen da ake kiwo a keji, domin hayaƙin gashin yana da ƙarfi.

Bi umarnin da ke jikin gwangwaninka. Tsarin da aka fi samu shi ne a fara da 'yar wutar ƙirare don ƙarfen ya ɗumama a hankali, sannan a ƙara itace har ma'auni ya kai wajen digiri 230, a riƙe shi haka awa ɗaya, daga nan a ɗaga zuwa wajen 315 na kusan awa guda. Za ka ga siririn hayaƙi yana tashi daga jikin murhun, wani wurin ya yi kamar ya jiƙe. Kada hankalinka ya tashi, haka yake yi. A lokacin fentin laushi gare shi, kada ka taɓa, kada ka goge, kada ka ɗora komai a kai. Ka riƙa ɗan buɗe ƙofar jefi-jefi a wutar farko don kada igiya ta manne da fentin.

Kuskure biyu ake yi a nan. Wani zai cika murhu da faskare tun tashin farko, fentin ya yi bororo. Wani kuma tsoro zai hana shi kai wa ga zafin ƙarshe, sai murhun ya yi ta wari duk lokacin da aka hura shi har makonni. Idan ba ka da ma'auni, yi wuta uku a jere, kowace ta fi ta baya girma, kana barin murhun ya huce a tsakani. Man gogewa shi ma yana ɗan hayaƙi a wutar farko, amma ƙaramar wuta ɗaya ta ishe shi.

8. Idan naka mai inamel ne

Manta da burushin waya da samfefa. Tsumma mai laushi da aka matse daga ruwan sabulu kaɗan, murhun yana sanyi, sannan a bi da busasshe. Ruwan sanyi a kan inamel mai zafi yana sa shi tsattsagewa kamar saƙar gizo, kuma wannan ba ya gyaruwa. Abu mai tsami yana dusashe ƙyallinsa. Inda ya ɓalle saboda bugu, goge tsatsar wurin kawai, ka ɗiga fentin gyara mai launinsa wanda kamfanin murhun ke yi.

9. Kulawar yau da kullum

Wannan matakin ne ke sa aikin da ka yi ya kai shekaru. Share ƙura da busasshen tsumma ko burushi mai laushi sau ɗaya a mako, murhun yana sanyi. Tsumman roba ko na leda kada ya taɓa murhu mai ɗumi, narkewa zai yi ya manne.

Butar ruwa da ake ɗorawa a sama ita ce babbar mai laifi. Sau da yawa nakan ɗaga buta in tarar da zobe ja, daidai faɗin gindinta, ƙarfen ya yi zanzana a cikinsa alhali sauran saman lafiya lau. Raɓar da ke taruwa a ƙarƙashinta idan wuta ta mutu ce ke yin wannan. Ka sa mata gammon ƙarfe mai ƙafafu, ka sauke ta kafin murhun ya huce, kuma kada ka ja ta a kan fenti, ɗagawa ake yi. Jiƙaƙƙen itace ko safar hannu ma ba a shanya su a kai.

Sai wuta. Murhun da saman sa ke zama tsakanin digiri 200 zuwa 340 yana cikin ƙoshin lafiya. Idan ka ga baƙin fenti ya koma ruwan toka ko fari-fari a sama da wajen wuyan bututu, murhun yana gaya maka cewa zafin ya yi yawa. In kuwa wani wuri ya yi ja da wuta, rage iska nan take, ka bar shi ya sauka da kansa. Ka ƙona busasshen itace wanda danshinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Ɗanyen itace yana tara baƙar kwalta mai danƙo a ciki da cikin bututu, ita kuma tana cin ƙarfe, tana kuma iya kama wuta. Roba, katako mai fenti ko magani, da itacen da ya sha ruwan gishiri, duk suna fitar da abin da ke cin ƙarfe daga ciki.

Gilashin ƙofa kuwa, jiƙa jarida ka dangwali farar toka mai laushi ka goge, ka kula kada ruwan ya gangaro kan fenti ko igiya. A lokacin da ake amfani da murhun kullum, barin toka mai kaurin santimita 2 zuwa 3 a ƙasa yana kare ƙarfen daga zafin garwashi. Ka kuma sa na'urar gargaɗin iskar kabon monoksaid a ɗakin, domin iskar ba ta da wari balle launi.

10. Idan za a daina hura shi na watanni

Mafi yawan tsatsa a lokacin hutu take kama murhu, ba lokacin aiki ba. Tokar da ke kare shi jiya, yanzu ita ce abokiyar gaba, domin tana zuƙar laima daga iska ta riƙe ta a jikin ƙarfe. Kwashe ta tas, har ta lunguna da ta cikin tiren ƙasa. Sa a share bututun hayaƙi, ka duba hularsa ta sama. Idan ka ga jan layi ya gangaro daga wuyan bututu zuwa saman murhu, ruwan sama ne ke shigowa, kuma babu fentin da zai tsira sai an toshe wannan hanyar.

Bar mashigar iska a buɗe, ƙofar ma a ɗan sassauta ta, don iska ta riƙa zagayawa. Kada ka lulluɓe murhun da leda, gumi zai yi a ciki. Idan ɗakin mai laima ne, ajiye jakar sinadarin tsotse danshi a cikin murhun, ka manna takarda a ƙofa don ka tuna ka cire kafin wutar gaba. Ɗiga mai kaɗan a hinjin ƙofa da sakata. Duk wata ka zagaya shi da tocila sau ɗaya, inda ka ga ɗigon ja ka goge shi da soso 0000 a take, ka ɗan bi wurin da irin shafen da ke jikinsa. Ranar da za ka sake hura shi kuma, ka fara da wutar ƙirare don danshin da ƙarfe da siminti suka sha ya fita a hankali kafin ka sa manyan faskare.